Na sake karanta littafin da na karanta ina aji uku, yanzu kuma Innar nake tausayi

'Yar_Yakasai:
Salamu alaikum 'yan gida. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun wancan satin na ce bari in kawo shi nan. Muna fitar da kaya daga ɗakin Ummanmu za a yi fenti sai ga wani littafin Hausa a ƙasan akwati, na ɗaya da na biyu da na uku an ɗinke su wuri ɗaya da zare, takardar har ta yi ja. Ina aji uku a makarantar kwana na karanta shi, da tocila a cikin bargo bayan an kashe wuta. Ba zan faɗi sunansa ba don zan tona ƙarshen labarin, wanda ya sani ya sani.

Yarinya ce 'yar shekara 16, ita kaɗai ce a wurin iyayenta a cikin gari. Da kakarta ta rasu ana rabon kayan ɗaki sai ta tsinci hoto a cikin kwalla, an yage samansa, mace ce riƙe da jaririya amma babu fuskar macen, sai hannu da tabon ƙuna a wuyan hannun. Daga nan ta shiga bin diddigi, ta je wurin tsohon mai hoto, ta je wurin unguwarzoma, kowa sai ya ce mata je ki tambayi manyanki, har mari ta sha a kan wannan binciken. Sai a littafi na uku ta gano wadda take kira Umma yayar mahaifiyarta ce, Innarta da ke aure a ƙauye wadda ke zuwa da Sallah ita ta haife ta. An sake ta ne da ciki tana ƙarama, yayarta kuma ta daɗe ba haihuwa, kakar ta ɗauki jaririyar ta ba babbar ta ce kada wanda ya sake ya tayar da maganar.

Wallahi da ina yarinya na tsani Innar nan, gani nake muguwa ce don ko sunan yarinyar ba ta kira, daga "ke" sai "'yar nan", in yarinyar ta shigo ɗaki sai ta kau da kai. Wannan karon tun a littafi na ɗaya na ajiye shi na yi ta kuka, ashe kunyar 'yar fari take yi! Marubuciyar ta ajiye amsar a gabanmu tun farko ba mu gani ba. To ni tambayata biyu ce, akwai wanda ya taɓa komawa littafin da ya karanta yana yaro ya ga ra'ayinsa ya juya haka? Sannan a irin wannan ɓoyon, wa ya kamata a ga laifinsa?

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah sarki, tsigar jikina har ta tashi da na zo wurin sunan. Ni ma har yau ba na iya kiran sunan babban ɗana a gaban surukata, "yaron nan" nake cewa. Amma yarinya 'yar aji uku ina za ta lura da wannan, ita dai jira take ta ga an tona asiri.

Dan_Fagge:
Ni dai laifin kakar nake gani kai tsaye, babu wani kwana-kwana. Ita ta yanke hukunci a kan rayuwar mutum uku, ta mutu ta bar su da rigima. Innar yarinya ce ba ta da ta cewa, wa zai yi musu da uwa a wancan zamanin? Kuma in da gaske tana son a binne maganar me ya sa ta ajiye hoton, ta ƙona shi mana.

Sarauniyar_Karatu:
@Dan_Fagge ai wannan tambayar taka ita ce daɗin littafin. Na san shi, na karanta, bangonsa kore ne ko 'Yar_Yakasai? Kakar ba ta iya ƙona hoton ba kuma ba ta iya barinsa da fuska ba, sai ta yage rabi. Ni a wurina alama ce ita ma ba ta samu kwanciyar hankali da abin da ta yi ba har ta koma ga Allah. Akwai wurin da take jinya ta riƙa kiran Innar tana cewa ki yafe min, kowa ya ɗauka zafin ciwo ne. Sannan ki tuna awarwaron da Innar ba ta rabuwa da su a hannun hagu, har ranar da za ta yi kwaɓin cincin ba ta cire ba aka yi mata tsiya.

'Yar_Yakasai:
Shi ne wallahi! Awarwaron nan ma sai a wannan karatun na gane tabon take rufewa. Kin ga abu biyu ke nan da aka nuna mana ƙuru-ƙuru.

Abu_Hanif:
Don Allah a turo min sunan littafin ta inbos, maiɗakina tana son irin waɗannan.

Malamin_Islamiyya:
Bari in sa baki ta fuskar addini, don labarin ƙirƙira ne amma abin yana faruwa a gidajenmu. Riƙon ɗan wani abu ne mai lada, babu wanda ya hana. Inda matsalar take shi ne a canza wa yaro uba. Zaidu ɗan Harisa ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu har aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka ta ce a kira su da sunan iyayensu maza. To in aka hana a gidan Annabi sallallahu alaihi wa sallam, wane gida ne za a halatta? Kuma abubuwa da yawa sun rataya a kan nasaba: wa zai zama waliyyinta ranar ɗaurin aure, wa za ta gada, wa zai gaje ta, su wa ne muharramanta. 'Yar riƙo ba ta cin gadon mai riƙonta, in yana son ta samu wani abu sai ya ba ta kyauta yana da rai ta karɓa, ko ya yi mata wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba. Saboda haka a ganina Baban da ya bari aka rubuta sunansa a takardun makaranta shi ma yana da nasa kason, ba mata kaɗai ba.

Gwaggon_Yara:
Malam Allah ya saka da alheri, maganarka gaskiya ce. Amma a bar ni in faɗi abin da na gani da idona. Ni riƙona aka yi, tun yaye ƙanwar babana ta ɗauke ni zuwa Gwale, kuma babu ranar da aka zaunar da ni aka ce ga uwarki ga ubanki. A bakin yaran unguwa na ji, muna wasan 'yar gala-gala muka yi faɗa wata ta ce min ke da ba a gidanku kike ba. Na shiga gida ina kuka, Gwaggo tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba ta ce eh haka ne, Yayana ne ya haife ki, in an yi hutu zan kai ki ki gaishe su, zo ki riƙe min rariya. Shi ke nan maganar ta ƙare. Na fi wata ina jin haushinta amma yanzu da na girma na gane ba ta san yadda za ta faɗa ba ne, a wurinsu irin wannan magana nauyi gare ta, ba a saba da zama da yaro a yi masa bayani ba. Ita ta aurar da ni, ita ta yi min wankan jego, ranar da ta rasu ni na yi mata wanka. Shi ya sa in na ji ana zagin masu ɓoyewa sai in ce a yi a hankali, ba duka ne mugaye ba.

Uwar_Biyu:
Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa riƙon da ta yi miki ya zame mata haske a kabari. Anti kin sa ni hawaye.

Dan_Fagge:
Amin. Amma Hajiya ki lura naki daban ne, da kika tambaya an faɗa miki gaskiya nan take kuma ba a canza miki sunan uba ba. Ta cikin littafin kuwa tambaya take ana rufe ta, har marinta Umman ta yi in na fahimci bayanin. Shiru daban ƙarya daban.

Sarauniyar_Karatu:
Ba Umman ce ta mare ta ba, Kawun yarinyar ne, ranar da ya kama ta a shagon mai hoto. Umman kuka kawai ta yi ta shige ɗaka.

Mai_Shagon_Haya:
Kai wannan hira ta tuna min da da. Na yi shekaru ina bayar da hayar littattafai a unguwarmu, daga kasuwar Sabon Gari nake saro su, in sa musu bango na kwali in rubuta lamba da maka. Irin waɗannan masu sirrin gida su suka fi fita, sun fi na soyayya zalla ma, don mace in ta karanta na ɗaya ta iske an rubuta mu haɗu a littafi na biyu ba ta iya barci, da sassafe za ka ga an aiko yaro da kuɗi a ƙulle a leda. Matsalata kullum na ukun ne, shi ake riƙewa, wani ya dawo babu shafin ƙarshe, wani da tabon manja, wani an rubuta a gefe da biro wai Allah ya isa ma Kawu. Matan aure na cikin kulle su ne manyan kwastomomina, littafi ɗaya sai ya zaga gida biyar kafin ya dawo. Bayan 2007 da aka ƙona littattafai a wata makarantar 'yan mata lokacin shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu zamanin gwamnan Kano Malam Shekarau, iyaye da yawa suka hana 'ya'yansu zuwa shagona, daga baya waya ta zo ta ƙarasa kasuwar.

Dalibar_BUK:
Baba Mai_Shagon_Haya mu ba mu riski wannan ba, a waya muka tashi muka ga ana karatu. Kuma gaskiya abin da ya sa labarin Yaya 'Yar_Yakasai ya burge ni shi ne yadda aka dasa alamu tun farko. Yawancin waɗanda ake sakewa a guruf na WhatsApp shafi-shafi ake rubuta su kullum, marubuciyar ita kanta ba ta san ƙarshen ba lokacin da ta fara, masu karatu na matsa mata a ƙaro, sai a shafi na tamanin kawai wata tsohuwa ta faɗo daga sama ta ce ai ba su suka haife ki ba. In ka koma baya ba za ka ga komai da ya nuna hakan ba. Labarin bincike na gaske shi ne wanda in ka gama ka koma farko za ka ga duk abin yana nan kai ne ba ka kula ba, shi ya sa ake iya karanta shi sau biyu.

Alkalamin_Dare:
A'a ƙanwata kada ki yi mana kuɗin goro. Ina rubutu a onlayin kuma sai na tsara labarina daga farko har ƙarshe a littafin rubutu kafin in saki shafin farko. A na da ɗin ma akwai shirme da yawa, wani littafin mafarki ne ke warware komai ko boka ya duba ƙasa ya faɗi asirin, mutane sun manta da su ne kawai sai masu kyaun suka rage a rai. Ki duba gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, matan da suka shiga da yawa daga rubutun waya suka fito, kuma da yawan labaran a kan irin wannan ne, abin da ake rufewa a cikin gida.

Dalibar_BUK:
Haka ne Anti, shi ya sa na ce yawanci. Masu tsarawa irinku ana gane su tun shafin farko.

Nas_Mai_Dare:
Ni ta ɓangaren aikina zan yi magana. Duk wanda ya zo asibiti da hawan jini ko ciwon suga ko wata lalura sai mun tambaye shi akwai mai irin wannan a danginku? In mutum bai san danginsa na jini ba amsar da zai bayar ba tasa ba ce. Sikila kuma ta fi bayyana abin, in uwa AS ce uba AS ne kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, in kuwa uwa da uba duka AA ne ba a sa ran ɗansu ya fito AS. Tun 2024 da gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwaji kafin aure kowace budurwa sai ta ga takardar jininta, kuma yaran yanzu sun yi bayoloji a makaranta, suna da waya a hannu. Na taɓa ganin wata ta karɓi sakamako ta tsaya tana kallon takardar ta ce amma ai Mama da Abba duka AA ne. Na ce mata a sake gwajin don ana samun kuskure, kuma ana samu ɗin, amma fuskar matar da ta rako ta ta riga ta canza. Abin da kakar littafin nan ta iya rufewa shekara 16 yau ba zai rufu ba, gara yaro ya ji a bakin wanda yake ƙaunarsa a cikin ɗaki.

Abu_Hanif:
To amma ina batun rufin asiri? Hadisi ya ce wanda ya rufa wa musulmi asiri Allah zai rufa masa. Wani sirrin in aka tona shi gida ne zai watse, aure ya mutu, yarinya ta rasa mijin aure saboda bakin mutane. Ni ina ganin ba komai ne sai yaro ya sani ba.

Malamin_Islamiyya:
Malam Abu_Hanif rufin asiri yana kan laifin da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa, ba ya cin haƙƙin wani. A labarin nan ma babu abin kunya, da aure aka haifi yarinyar, saki ne kawai ya faru. Kuma ba a ce a yi shela a unguwa ba, ita mai haƙƙin za a faɗa wa. Ku ƙara da batun shayarwa, aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta haramta uwar da ta shayar da kai da 'yan uwanka na shan nono, a mazhabarmu ta Malikiyya kuma ko sau ɗaya nonon ya isa cikin jariri a lokacin shayarwa haramcin ya tabbata. Tsofaffi su ne suka san wa ya sha nonon wa, in suka tafi da maganar a ciki sai a wayi gari an ɗaura auren da sai an raba, wani lokacin har da 'ya'ya a tsakani.

Hajiyar_Dorayi:
Wannan ya faru a danginmu na nesa, saura kwana kaɗan biki an kai lefe an raba goro wata tsohuwa ta zo daga ƙauye ta ce ita ta ga lokacin da uwar angon ta shayar da amaryar da uwarta ta kwanta ciwo. Aka fasa. Yarinyar ta daɗe ba ta dawo daidai ba, kuma duk manyan gidan sun sani kowa na jiran wani ya fara faɗa.

'Yar_Yakasai:
Innalillahi. Na gode muku duka, na ƙaru sosai. Bari in ƙara wani abu da na lura a wannan karatun, don duk mun tattara a kan kakar da Innar mun bar Umman. Da ina yarinya ban ma ɗauke ta a bakin komai ba, gani nake ita ce ta ƙwace 'yar mutane. Yanzu da na yi goyo na san mene ne kwana a zaune da yaro mai zazzaɓi, sai na ga matar nan shekara 16 tana renon 'ya da tsoro, duk Sallah in ƙanwarta za ta zo ba ta iya cin abinci. Akwai wurin da yarinyar ta yi ƙyanda Umman ta kwana tana shafa mata magani, da asuba ta aika a kira Innar ba tare da kowa ya sa ta ba, ta fita tsakar gida ta bar su su biyu a ɗaki. Wancan lokacin tsallake wurin na yi ina sauri in kai inda za a gano mai tabo. Marubuciyar ba ta sa mugu ko ɗaya a cikin matan nan uku ba, ni ce na nemo muguwa na liƙa wa Innar don a shekarun nan dole sai da wanda za a tsana labari ke daɗi.

Dan_Fagge:
Na ji wannan kuma ya taɓa ni, amma har yanzu ina kan bakata. Rashin mugunta ba ya goge cutarwa. Ita yarinyar fa, wa ya tambaye ta? Uban nata na gaskiya kuma ko yana raye ko ya mutu an raba ta da danginsa gaba ɗaya.

Sarauniyar_Karatu:
Nan kam ina tare da kai, kuma a nan ne littafin ya gaza a ganina. Shafi biyu kacal aka ba uban, aka ce ya tafi neman kuɗi kudu bai dawo ba, shi ke nan. Yarinyar da ta bi mai hoto da unguwarzoma har gida a ce ba za ta nemi dangin ubanta ba? Kamar marubuciyar ta gaji ne ko kuɗin ɗab'i ya ƙare aka rufe da biki.

Mai_Shagon_Haya:
Kuɗin ɗab'i ne 'yata, kada ki raba ɗaya biyu. Da yawansu da kuɗin aljihunsu suke bugawa, sai na ɗaya ya sayu ake samun na buga na biyu, in takarda ta yi tsada dole a matse na ƙarshen.

Gwaggon_Yara:
Ni kuwa ban ga gazawa a nan ba. Da aka kai ni gidan mahaifina na gaishe su na zauna a bakin gado kamar baƙuwa, kafin la'asar na ce a mayar da ni Gwale. Sai da na yi aure na haihu na fara neman 'yan uwana da kaina. Yarinya 'yar 16 da ta gano uwa biyu a rana ɗaya ba lallai ta iya ɗaukar na uba a lokacin ba, wataƙila sai nan gaba.

Uwar_Biyu:
Tambaya nake, a ƙarshe ta koma wurin Innar ko ta zauna da Umman? Kuma Innar ta kira sunan nata kuwa?

'Yar_Yakasai:
Ta zauna da Umman, tana zuwa wa Innar hutu. Sunan kuma har aka rufe littafin ba ta kira ba. Da na ga haka ina aji uku haushi na ji na ce an cuce mu, yanzu kuwa na san ko a gaske ba za ta kira ba.

Dalibar_BUK:
Yaya don Allah in kin gama ki ara min, zan yi fotokwafi in dawo miki da shi lafiya. Ina so in nuna wa malaminmu na adabi ko zai yarda in yi furojet ɗina a kan riƙo a littattafan Hausa.

Nas_Mai_Dare:
In ya yarda ki zo ki yi hira da Hajiya Gwaggon_Yara in ta amince, da irin su Baba Mai_Shagon_Haya, sun san abin da ba ya cikin littafi.

Abu_Hanif:
Har yanzu fa ba a turo min sunan ba. Malam kuma ina da tambaya a kan waliyyi in uban ya ɓace ba a san inda yake ba, zan same ka ta inbos bayan isha'i in Allah ya kai mu.